Yadda ake zurfafa darasi domin yara masu kaifin basira, ko da aji ya cika maƙil

Kowane malami ya san yaron nan. Kafin ka gama rubuta tambaya ta biyar a allo ya gama huɗun farko, hannunsa na sama. Sauran lokacin darasin kuma sai dai ya zana mota a bayan littafi, ko ya tsokani na kusa da shi. Idan yarinya ce mai kunya, ta kifa kai a benci ta yi shiru har a kaɗa ƙararrawa. Akasarinmu abu biyu muke yi masa: mu ƙara masa tambaya ashirin irin waɗanda ya gama, ko mu ce ya zagaya ya koya wa 'yan uwansa. Na farkon horo ne a kan ƙoƙari, kuma yaro mai wayo ba ya daɗewa yake gane cewa saurin gamawa wahala yake jawo masa, sai ya koyi jan ƙafa. Na biyun ya mayar da shi ƙaramin malami, alhali shi ma iyayensa sun turo shi ne ya koyi abin da bai sani ba.

Gwamnatin Tarayya tana da makarantar haziƙai a Suleja, Jigawa ma tana da tata a Bamaina, amma yara nawa za su ɗauka? Mafi yawan haziƙan Kaduna suna nan a ajujuwanmu na Rigasa da Tudun Wada da Kawo da Kakuri, inda wani lokaci yara suka fi bencin zama yawa. A hannunmu suke. Abin da suke bukata daga gare mu shi ne tambayar da za ta tsayar da su su yi tunani, a kan darasin da kowa yake yi, ba wani darasi na daban ba. Ga yadda ake shirya ta da alli da allo kawai.

Mataki na farko: gano abin da ya riga ya sani

Ba za ka samu lokacin zurfafawa ba sai ka rage maimaici. Kafin ka shiga sabon babi, ka ba aji duka gajeren gwaji a kan abin da za a koyar, ka gaya musu ba na maki ba ne. Hanya mafi sauƙi ma ita ce wannan: cikin aikin da za ka bayar yau, ka sa alama a kan tambayoyi biyar mafi wuya, ka ce duk wanda yake so ya fara da su. Wanda ya ci huɗu ko biyar, da aiki mai tsabta, an yafe masa sauran, ya wuce zuwa tambayar da ka tanada a gefen allo.

Kada ka ji tsoron cewa zai rasa wani abu. A wani bincike da Sally Reis da abokan aikinta na Jami'ar Connecticut a Amurka suka fitar a 1993, malaman firamare sun cire wa haziƙan ɗalibai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na manhajar wasu darussa, domin sun riga sun iya, kuma sakamakon yaran a jarrabawa bai faɗi ba.

Ka bar ƙofar a buɗe ga kowa. Idan kai ka zaɓi waɗanda za su gwada, masu surutu da masu kyawun rubutu da masu Turanci a baki za ka zaɓa, ka tsallake yarinyar can ta bayan aji wadda take lissafin cinikin awarar mahaifiyarta da ka, ba takarda. Gwajin zai fito da ita.

Mataki na biyu: san kayan aikin

A shekarun 1990 Farfesa Sandra Kaplan ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, tare da Bette Gould, suka tsara wasu alamomi goma sha ɗaya da malamai suke amfani da su wajen koyar da haziƙai. Kowace alama tana wakiltar irin kallon da masani yake yi wa fanninsa. Takwas na nutsawa ne cikin abu guda:

Kalmomin masana, wato yaren da masu fannin suke yi a tsakaninsu. Ƙananan bayanai, abubuwan da suka bambanta wannan da waninsa. Abin da ke maimaituwa. Ƙa'idoji, na rubuce da waɗanda ba a rubuta ba. Inda abu ya dosa, da abin da ke tura shi can. Tambayoyin da har yanzu ba su da amsa. Daidai da rashin daidai, wato inda adalci ya shigo. Sai babban jigo, magana ɗaya da ta tattara komai.

Uku kuma na faɗaɗawa ne: sauyin zamani, wato jiya da yau da gobe, mahanga daban-daban, da haɗa fanni da fanni.

Zanen alamomin ba wahala. Leɓe ne na kalmomin masana, fure mai ganyayyaki na ƙananan bayanai, alamar tambaya guda uku na abin da ba a amsa ba, tabarau na mahanga daban-daban, lu'ulu'u rabi baƙi rabi fari na daidai da rashin daidai. Na babban jigo gini ne mai ginshiƙai. Ni rumfar kasuwa nake zanawa, domin yaranmu sun san cewa rumfa ba ta tsayawa sai da dirkoki: rufin shi ne jigon, dirkokin su ne hujjojin da suka ɗauke shi, kuma rumfa mai dirka ɗaya iska ce za ta kwashe ta. Ka yanka kwali, ka zana su, ka liƙa a saman allo inda ba a gogewa.

Akwai kuma tsanin matakan tunani da Benjamin Bloom da abokansa suka fitar a 1956, aka sake masa fasali a 2001: tunawa, fahimta, aiki da abin, tsattsefewa, aunawa, ƙirƙira. Duk wanda ya yi kwalejin horon malamai ko karatun NTI ya haddace shi don jarrabawa. Amfaninsa na gaskiya zai zo a mataki na huɗu.

Mataki na uku: koyar da alama ɗaya, ga aji duka

Kada ka zube su goma sha ɗaya rana guda. Ɗauki ɗaya, ka gwada ta a kan abin da kowane yaro ya sani, kafin ka kai ta littafi. Misali tabarau. Ka ce: an hana acaba bin wani babban titi. Yaya ɗan acaba yake ganin abin? Mai keke napep fa? Matar da take kai yara makaranta da safe? Ma'aikacin jinya da yake karɓar waɗanda suka yi haɗari? Minti goma sun isa. Gobe ka kawo tabarau ɗin cikin darasin tarihi ko na Hausa. Sai yara sun fara cewa da kansu "Malam, a sa tabarau" sannan ka ɗauko ta biyu. Alama huɗu ko biyar a zango ɗaya ba kaɗan ba ne.

Aji duka ake koya wa, ba haziƙai kaɗai ba. Bambancin yana zuwa ne a nauyin tambayar da kowa zai ɗauka.

Mataki na huɗu: rubuta tambayar

A nan aikin yake, kuma a nan yawancin masu gwadawa suke tsayawa. Alama ita kaɗai ba ta zurfafa komai. Idan ka zana fure ka ce "Lissafa bayanai biyar game da Kogin Kaduna", tambayar hadda ka yi, ka dai yi mata ado. Idan ka zana tabarau ka ce "Faɗi mahanga uku", yaron nan zai gama cikin minti biyu ya koma zanen motarsa.

Tambaya mai nauyi tana da ƙafa huɗu: alamar tunani, aikatau daga saman tsanin Bloom, takamaiman abu daga darasi, da abin da yaro zai miƙo maka a ƙarshe. Aikatau ɗin su ne irin kwatanta, rarraba, jera bisa muhimmanci, kare, ƙaryata, yanke hukunci, yi hasashe.

Mu ɗauki darasin masana'antu na ƙaramar sakandare. Abin da ke littafi shi ne ma'anar masana'anta da ire-irenta da amfaninta. Amma yaranmu a garin masaƙu suke. Masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, irin su Arewa da UNTL, har unguwar ta zama mai tashi da jiniyar canjin aiki. Zuwa shekarun 2000 yawancinsu sun rufe. Dalilan da ake kawowa sanannu ne: rashin tsayayyiyar wutar lantarki, tsadar baƙin mai da ake kunna tukwanen masaƙa da shi, tsofaffin injuna, fasa-ƙwaurin atamfa ta kan iyaka, da kaya masu araha daga Chana.

Tambayar kowa da kowa: "Kawo dalilai huɗu da suka sa masaƙun Kakuri suka rufe." Wannan tana da kyau, kuma dole a fara da ita. Ga ta haziƙi, da alamar inda abu ya dosa: "Jera dalilan nan daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Sannan ka nuna wanne ne, da an magance shi shi kaɗai, zai rage ƙarfin sauran. Rubuta sakin layi ɗaya kana kare zaɓinka." Yanzu dole ya lura cewa dalilan ba a jere suke kawai ba, wani yana haifar da wani: rashin wuta yana sa kayan gida tsada, tsadar kuma ita take buɗe wa ɗan fasa-ƙwauri kasuwa.

Idan ya ƙware da alama ɗaya, haɗa masa biyu. Tabarau da lu'ulu'u: "Manomin auduga a Funtuwa, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, da uwar da take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki da kuɗi kaɗan a Kasuwar Barci. Gwamnati tana tunanin hana shigo da atamfar waje. Wa zai amfana, wa zai cutu? Ka ba da shawarar da kake ganin ta fi adalci, ka kuma faɗi wanda shawararka ta danne." Jimlar ƙarshen nan ita ce ke hana shi amsar da za ta faranta wa kowa. Wasu yaran ma kakanninsu sun yi aiki a can, sai ka ce su tambayo a gida.

Tarihin garin ma haka. Kowa zai haddace cewa an dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, an ƙirƙiri Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, aka sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976, aka cire Katsina daga cikinta a 1987. Haziƙi kuma ka ba shi alamar sauyin zamani: "Ruwan kogi da layin dogo suna cikin abubuwan da suka ja Turawa zuwa nan. Da yau za a zaɓi hedikwata, waɗannan dalilan za su yi nauyin da suka yi a 1917? Wanne ya rage daraja, wanne sabo ya shigo?"

A darasin Hausa, rubuta musu waɗannan a allo ba tare da bayani ba: mota, motoci, gida, gidaje, ƙasa, ƙasashe, kasuwa, kasuwoyi, sannan taga, tagogi, ƙofa, ƙofofi. Alamar maimaituwa da ta ƙa'ida: "Wasu baƙaƙe sun sauya a jam'i, wasu ba su sauya ba. Gano waɗanne, ka rubuta ƙa'idar da bakinka, ka nemo kalmomi uku da za su gwada ta." Yaron da ya gano da kansa cewa t tana komawa c, d tana komawa j, s tana komawa sh, w tana komawa y idan i ko e ta biyo baya, ya yi aikin masanin harshe, kuma ba zai manta ba. Ko ka ba shi karin magana biyu masu karo da juna, "sannu ba ta hana zuwa" da "da zafi-zafi ake dukan ƙarfe", ka ce ya fitar da ƙa'idar da za ta nuna wa mutum lokacin da zai bi wannan da lokacin da zai bi waccan.

Wata magana kafin mu wuce. Akwai masu ɗaukar wannan hanya su riƙa raina hadda. Ban yarda da su ba. Yaron da bai san dalilan rufewar masaƙu ba, me zai jera? Wanda bai riƙe jadawalin sau ba, ina zai ga maimaituwa a cikinsa? Ƙarfin haddar da yaranmu suke zuwa da shi daga makarantar allo da Islamiyya jari ne. Laifin shi ne a tsaya a kansa.

Mataki na biyar: bar tambaya ɗaya ta haifi wata

Lissafi ya fi nuna wannan a fili, don haka bari mu bi misali ɗaya har ƙarshensa. Ajin firamare biyar ko shida, darasin kewaye da girman fili. Aji yana lissafa kewayen siffofin da ke littafi. A gefen allo ka rubuta: "Baba yana da wayar shinge mai tsawon mita 24. Yana so ya kewaye wa awaki fili mai kusurwa huɗu. Wane tsawo da faɗi ne zai ba awakin fili mafi girma?"

Ka ce su yi jadawali. Faɗi 1 tsawo 11 ya ba da murabba'in mita 11. Faɗi 2 tsawo 10, 20. Sai 3 da 9, 27. Sai 4 da 8, 32. Sai 5 da 7, 35. Sai 6 da 6, 36. Yawanci a nan yaro yake ɗago kai da mamaki, domin ya ɗauka tunda wayar ɗaya ce filin ma ɗaya ne. Kada ka ce "da kyau" ka wuce. Nuna alamar maimaituwa: nawa ake ƙaruwa daga layi zuwa layi? Zai samu 9, 7, 5, 3, 1. Mara ne duka, suna raguwa da bibbiyu. Me zai faru bayan 1?

Sai alamar ƙa'ida: rubuta dokar da ka gano. Zai rubuta cewa fili mai gefe huɗu daidai wa daida shi ne mafi girma. Ka ce ya gwada da waya mai mita 20, da mai 36. Za ta yi aiki, 25 da 81. Sai ka ba shi mita 26. Da cikakkun lambobi iyakarsa 6 da 7, wato 42. Idan ya yi ƙarfin halin gwada shida da rabi sau shida da rabi zai samu 42.25, kuma ya shiga darasin ɓangarori ba tare da ka tura shi ba.

Yanzu ka karya masa dokar. "Baba ya ce zai jingina shingen da katangar gida, saboda haka gefe uku kawai wayar za ta rufe." Yaron zai yi sauri ya ce 8 da 8, wato 64, domin dokarsa ta ce haka. Bar shi ya cika jadawalin. Zai tarar da faɗi 6 tsawo 12 ya ba da 72. Dokar da ya yi alfahari da ita tana da iyaka, kuma aikinsa yanzu shi ne ya sake rubuta ta da sharaɗinta. Wannan lokacin, da yaron da bai saba faɗuwa ba ya ga amsarsa ta rushe ya kuma sake gini, shi ne mafi tsada a duk darasin. Haziƙin da bai taɓa haɗuwa da shi a firamare ba, ranar da ya haɗu da shi a jami'a yakan ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙare.

Ga wanda ya san da'ira, akwai sauran tafiya: waya mai mita 24 idan aka lanƙwasa ta da'ira tana kewaye kusan murabba'in mita 46, fiye da 36 ɗin can. Alamar haɗa fannoni: ka ce ya duba rumbu da ɗakin bukka da garken shanu a ruga, ya yi tunanin ko siffarsu tana da alaƙa da abin da ya gano, da kuma dalilin da ya sa gidajen cikin gari ba su bi ta ba.

Idan kana neman wani abin da zai riƙe su mako guda, ba su hatimin lissafi: lambobi 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi a tsaye da a kwance da a karkace ya ba da 15. Su gano dalilin da ya sa dole 15 ce, da dalilin da ya sa 5 take zama a tsakiya, sannan su yi hasashen jimlar mai gida 25 kafin su gina shi. Amsar 65 ce. Ka gaya musu cewa wani malamin Katsina, Muhammad al-Kashinawi, ya yi rubutu a kan hanyoyin gina irin waɗannan a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yana da kyau yaro ya san cewa lissafi ya zauna a ƙasar nan tun kafin boko.

Mataki na shida: nemi hujja, ka kuma jira

Tambaya ɗaya ce za ka mayar abokiyar bakinka: "Me ya sa ka ce haka?" Ka yi ta ko amsar daidai ce ko kuskure. Da farko yara za su firgita, domin sun saba idan malam ya sake tambaya to an yi kuskure, sai ka ga yaro ya janye amsa mai kyau. Ka faɗa musu tun ranar farko cewa kowa za a tambaya.

Sannan ka yi shiru. Mary Budd Rowe, wadda ta yi nazarin ajujuwan kimiyya a Amurka a farkon shekarun 1970, ta gano cewa malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu kawo hujja suka ƙaru, waɗanda ba sa magana suka fara. Ka ƙirga a zuci. Zai yi maka tsawo fiye da yadda kake zato.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Mun tarbiyyantar da yara kada su ja da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma tana sa haziƙi ya ga kuskure a allo ya haɗiye. Ka ba su lafazin da zai haɗa ladabi da gaskiya: "Malam, a gafarce ni, ni na ga wata hanya," ko "Malama, ina da tambaya a kan layi na uku." Wanda ya yi haka ka yaba masa a gaban aji. Ga waɗanda kunya ta fi ƙarfinsu, musamman 'yan mata a ajin da ke gauraye, rubutu ya fi. Su zana akwati a tsakiyar shafi su rubuta batun, su raba gefen gida huɗu, kowane gida da alamarsa da tambayarsa. Kai kuma ka karanta ɗaya ko biyu ga aji ba tare da faɗin suna ba, sai mai shi ya yarda.

Game da alamar daidai da rashin daidai, a Kaduna muke, kuma mun san abin da garin nan ya gani. Kada ka jefa wa yara tambayar da za ta raba aji gida biyu bisa addini ko ƙabila. Akwai batutuwan adalci da yawa da kowa zai shiga da zuciya ɗaya: zuba shara a magudanar ruwa da ambaliyar da take jawo wa na ƙasa, sare itace don gawayi, satar amsa, rabon ruwan famfo a unguwa.

Mataki na bakwai: maki, hedimasta da iyaye

Idan ba ka duba aikin ba, yaro zai gane ba shi da daraja. Amma ba ka da lokacin dogon gyara, don haka abu uku kawai za ka nema: ya faɗi matsayarsa a fili? Ya kawo hujja daga darasi? Ya ambaci abin da zai iya karya maganarsa? Maki ɗaya-ɗaya. A ƙasa ka rubuta tambaya guda maimakon "da kyau". Kada wannan makin ya ja sakamakonsa na zango ƙasa. Idan yaro ya ga ɗaukar aiki mai wuya ya sa wanda ya yi mai sauƙi ya wuce shi a matsayi, ba zai sake ɗauka ba, kuma iyayensa ma za su hana shi.

A takardar shirin darasi, ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin kowane darasi ka rubuta tambayar gefen allo. Hedimasta ko mai duba makarantu zai ga ba ka fita daga manhaja ba, batun makon ne dai aka nutsa a cikinsa. Iyaye kuma abin da za su tambaya shi ne jarrabawa, ta shiga sakandare ko WAEC da NECO. Nuna musu gwajin farko da yaron ya ci, su ga ba a tsallake komai ba sai abin da ya riga ya iya.

Ba kowane darasi ne zai samu wannan ba, kuma ba sai ya samu ba. Tambaya biyu masu kyau a mako sun fi goma na gaggawa. Ka ware littafi guda kana tara su, da ɗan bayanin yadda kowace ta kaya, domin baɗi ba sai ka fara daga tushe ba. Idan ku biyu ne ko uku a makaranta, ku raba darussa ku riƙa musanya.

Zuwa zango na uku, ka fara miƙa musu alƙalamin. Wanda ya ci tambayoyi biyar masu wuya ya zaɓi alama biyu daga saman allo, ya rubuta tasa tambayar a bayan littafinsa, ya kawo maka kafin ya fara amsawa. Ka duba abu ɗaya: za a iya amsa ta da kwafe layi daga littafi? Idan za a iya, ya koma ya sake. Idan ba za a iya ba, ka sa hannu, ka rubuta ranar da zai kawo amsar.